Sauran Hanya

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da sitiyari,
Damagaram zuwa Yamai, Yamai zuwa Damagaram.
Mu tashi kafin assalatu, tasha na warin gazuwal,
mu isa bayan lisha, ƙafa ta kumbura cikin takalmi.
Kilomita ɗari tara, ba kaɗan.
Na san su kamar haƙoran bakina,
har wanda ya karye,
har wanda ke ciwo in damina ta sauka.

Sai yana ta rufe mini ido.
Cima, autata, ta ce, "Baba, likitan yana Yamai,
kuma bayanka ba zai ƙara ɗaukar kar ba."
Ta yanko mana biye biyu na jirgi.
Ban tambayi jika nawa ba, na ji tsoron amsar.

A filin jirgi wani yaro mai sanyin murya
ya ce, "Ko awa biyu ba za ku cika ba.
Ta sama ɗari bakwai ne da hamsin."
Na ce, "Ɗana, sauran fa?
Kilomita ɗari da wani abu ba allura ba ce
da za ta faɗi cikin rairayi a rasa.
Wa ya cinye su?"
Ya yi dariya, ya ɗaura wa jakata takarda.

Aka ba ni kujerar taga, ni da ba na gani.
Na rufe idon, tunda ba shi da aiki,
na kama hanya cikin kaina yadda na saba.
Tirmini. Takeita, inda Illiya mai faci
ke tambayar lafiyar tayoyi kafin tawa.
Na rage gudu don awakin da ke kwance kan kwalta.
Na fasa goro, na miƙa wa Cima ɓari.
Ina shiga Tasawa ke nan,
ina neman inuwar da zan tsaya tsofaffi su miƙe ƙafa,
wata murya ta ce a ɗaura ɗamara, ga Yamai.

Ban ga Maraɗi ba.
Mutari mai shayi na Madawa yana bina dala arba'in
tun tafiyata ta ƙarshe,
na wuce ta kansa kamar shirwa, ko sallama babu.
Ban shaƙi albasar Galmi ba.
Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso,
an naɗe su duka kamar tabarma
an jingine bayan ƙofa.

Goron bai gama ɗaci a bakina ba.

Aka kankare idon. Kwana tara muka juyo.
Wannan karon na leƙa, na gani:
wani baƙin zare kwance a ƙasa.
Cima ta ce, "Baba, ga hanyarka."
Abin da ya ci mini baya,
ya ɗauke Gambo, karen motata, wata safiyar Laraba,
ya gina mini ɗaki uku, ya kai Cima lakwal,
bai kai zaren ɗinke bakin buhu ba.
Duwatsun Birni kuwa, da muke nuna wa baƙi da alfahari,
kamar gujiyar da yaro ya zubar yana gudu.

Yanzu ina zaune ƙofar gida a Zango.
Masu zuwa barka suna cewa, "An dawo lafiya?"
Ina cewa lafiya lau, don ba a musu da mai gaisuwa.
Amma jiki kawai jirgi ya sauke.
Ni ina can baya, wajen Gidan Runji,
fasinja sun yi barci, ina sauraron injin,
rana na sauka cikin madubin hagu.

Ku bar mini tuwona a rufe.
Sai bayan lisha zan iso.